Santsin takalmi a zauren wasanni: Dalilansa da hanyoyin magance shi

A ranar 30 ga watan Nuwamban shekara ta 2016, dubban 'yan kallo suka hallara a babban zauren wasanni na birnin Philadelphia a ƙasar Amurka, domin kallon karawar ƙwallon kwando tsakanin ƙungiyar 76ers ta birnin da takwararta Sacramento Kings. Sai dai sun watse ba tare da an fara wasan ba.

Dalili kuwa shi ne daɓen da za a yi wasan a kansa ya yi santsi. A ƙarƙashin katakon akwai shimfiɗar ƙanƙara da ake wasan hoki a kanta, ga shi kuma ranar garin ya yi ɗumi da laima fiye da yadda aka saba a wannan lokaci na shekara. Da iska mai ɗumi ta sauka a kan katako mai sanyi, sai raɓa ta kwanta a kansa. Ma'aikata suka yi ta gogewa tana dawowa, daga ƙarshe mahukunta suka ɗage wasan. Kimanin watanni uku bayan nan, a cikin watan Maris na 2017, an sake ɗage wani wasan a birnin Minneapolis saboda irin wannan dalili.

Ba kasafai akan ɗage babban wasa irin wannan ba, saboda asarar da ke tattare da yin hakan. An ɗage shi ne domin an san abin da zamewa guda ɗaya kan haifar, kama daga targaɗen idon sawu zuwa tsinkewar jijiyar gwiwa, wadda kan kwantar da ɗan wasa watanni da dama, wani ma ya yi ban kwana da wasan ke nan.

Duk wanda ke buga ƙwallon kwando, ko ƙwallon raga, ko ƙwallon hannu, ko badminton, ko sukwash, ko ƙwallon tebur a cikin rufaffen zaure, ya san yadda takalmin da jiya yake kama ƙasa kan wayi gari yana sulɓewa kamar an shafa masa mai. Da yawa sukan ɗora laifin a kan takalmin, su tafi neman sabo ko wani abin shafawa. To amma a mafi yawan lokuta matsalar wani abu ne da ya shiga tsakanin robar takalmi da daɓe, wato ƙura ko danshi, kuma maganinsa bai wuce ruwa da burushi da tsumma ba.

Yadda takalmi ke kama daɓe

Masana kimiyya na kiran ƙarfin da ke hana wani abu zamewa a kan wani da sunan gogayya. Leonardo da Vinci na ƙasar Italiya ya yi rubuce-rubuce a kanta tun a ƙarshen ƙarni na 15, sannan Bafaranshe Guillaume Amontons ya gabatar da ƙa'idojinta a shekara ta 1699.

Ana auna gogayya ne ta hanyar kwatanta ƙarfin da ake buƙata wajen jan abu da kuma nauyin da ke danne shi. Alal misali, idan aka ɗora wa takalmi nauyin kilo 10, aka kuma ga sai an ja shi da ƙarfin da ya yi daidai da kilo 5 kafin ya zame, to ma'aunin gogayyarsa 0.5 ne. Gwargwadon girman wannan adadi, gwargwadon ƙarfin riƙon takalmin.

Roba tana kama ƙasa ne ta hanyoyi biyu. A kan wuri mai kaushi kamar kwalta ko siminti, robar kan lotsa ta shiga 'yan ramuka da tuddan da ke wurin, ta rungume su. A kan wuri mai sulɓi kuwa, mannewa take yi: fuskarta mai taushi kan kwanta sosai a jikin wurin har su riƙe juna na ɗan lokaci, kamar yadda busasshen tafin hannu kan ƙi tafiya idan aka goga shi a jikin gilashi mai tsafta.

Daɓen zauren wasa sumul yake, ko dai katako ne da aka shafe da fanish, ko kuma shimfiɗar leda mai kauri. Babu wani kaushi da takalmi zai dogara da shi, saboda haka kusan duk riƙon daga mannewa yake fitowa. Sharaɗin mannewa kuwa shi ne roba ta taɓa daɓen kai tsaye. Da zarar ƙura ta shiga tsakani, ƙwayoyinta kan zama tamkar tsabar gero da aka watsa a kan siminti, takalmin yana tafiya a kansu, su kuma suna mirginawa. Haka ma ruwa da gumi, sukan shiga tsakani su raba fuskokin biyu.

Ƙarar da ake ji a zauren ƙwallon kwando idan 'yan wasa na tsayawa ko juyawa, ta samo asali ne daga yadda robar ke mannewa tana saki sau dubbai a cikin daƙiƙa guda. Alama ce ta cewa roba na taɓa daɓe, ko da yake akwai takalman da ke kama ƙasa sosai ba tare da yin ƙara ba.

Taƙaitaccen tarihi

A cikin ɗaki aka fara buga ƙwallon kwando. Wani malamin motsa jiki ɗan asalin ƙasar Kanada, James Naismith, shi ya ƙirƙiro wasan a watan Disamban 1891 a garin Springfield na jihar Massachusetts, domin ɗalibai su sami abin yi a lokacin da sanyi ya hana fita waje. A shekara ta 1895 kuma William Morgan ya ƙirƙiro ƙwallon raga a garin Holyoke da ke wannan jiha. Tun daga lokacin masu yin takalma ke neman hanyar da ƙafa za ta tsaya a kan katako mai sulɓi.

Sun ci moriyar aikin Charles Goodyear, wanda a shekara ta 1844 ya sami takardar mallakar fasahar dafa roba da farar wuta. Kafin wannan fasaha, roba kan yi danƙo a lokacin zafi, ta sandare a lokacin sanyi, don haka ba ta da amfani a ƙasan takalmi.

A shekara ta 1917 kamfanin Converse ya fitar da takalminsa na ƙwallon kwando, mai saman kyalle da ƙasan roba, ya kuma laƙaba masa suna Non-Skid, ma'ana wanda ba ya zamewa. Shi ne daga baya ya shahara da sunan All Star. A 1935 wani Ba'amurke mai sha'awar tuƙin jirgin ruwa, Paul Sperry, ya lura da yadda karensa ke gudu a kan ƙanƙara ba tare da faɗuwa ba, sai ya kwaikwayi tsagar da ke tafin ƙafar karen, ya yi wa robar takalminsa siraran tsaga domin ta riƙe jiƙaƙƙen katako. A ƙasar Japan kuma, Kihachiro Onitsuka, wanda kamfaninsa ya rikiɗe ya zama Asics, ya fitar da takalmin ƙwallon kwando a 1951 mai 'yan ƙoƙuna a ƙasa, bayan ya ga irinsu a hannun oktofus, wata dabbar teku mai hannaye takwas da ake ci a can.

Zanen da ya fi karɓuwa a ƙarshe shi ne wanda ya yi kama da ƙayar kifi, wato layuka masu karkacewa dama da hagu. Amfaninsa uku ne. Gefunan layukan suna kama daɓe ta kowace fuska ɗan wasa ya nufa, kwaruruwan da ke tsakaninsu suna bai wa ƙura wurin shiga maimakon ta zauna a fuskar roba, sannan suna bai wa robar damar lanƙwasa.

Abubuwan da ke jawo santsi

Na farko kuma mafi yawa ita ce ƙura. Roba mai taushi, wadda ita ce ta fi kama daɓe, ita ce kuma ta fi kwasar ƙura, kuma 'yan mintoci kaɗan sun isa ƙasan takalmi ya yi fari a zauren da ba a share shi da kyau ba.

Na biyu shi ne danshi, ko na gumin ɗan wasan da ya faɗi, ko ruwan sha da ya zube, ko yoyon rufi, ko kuma raɓa irin ta Philadelphia.

Na uku shi ne tsufan roba. Iska da zafi da hasken rana suna sauya roba sannu a hankali, har fuskarta ta taurare ta yi ƙyalli. Hakan na faruwa ko da ba a taɓa sanya takalmin ba, muddin ya daɗe a ajiye. Taurarriyar roba ba ta kwanciya a jikin daɓe, balle ta manne.

Na huɗu shi ne cinyewar zane. Ƙasan takalmi, wanda masu gyaran takalma ke kira sol, ya fi cinyewa a ƙarƙashin tushen babban yatsa da kuma gefen dunduniya, wuraren da ɗan wasa ya fi dogara da su. Idan zanen ya shafe, ƙura ba ta da wurin shiga, sai ta shimfiɗu a ƙarƙashin ƙafa.

Na biyar shi ne amfani da takalmin da ba a yi shi domin wannan aiki ba. Takalmin gudu an yi shi ne domin tafiya gaba, solinsa dogo ne, ba ya tallafar ƙafa idan aka yi gefe da sauri. Takalmin da aka yi domin filin siminti robarsa ta fi tauri domin ta jure kaushi, don haka riƙonta a kan katako bai kai na takalmin zaure ba. Su kuwa takalman badminton da sukwash da ƙwallon raga, galibi da roba mai taushi mai launin zuma ake yin ƙasansu, wadda ba ta barin baƙin zane a kan daɓe, amma kuma ba ta daɗewa idan aka taka kwalta da ita.

Hunturu da takalman gwanjo

A arewacin Najeriya da Jamhuriyar Nijar, waɗannan dalilai sukan taru wuri guda. Yanki ne da wasannin zaure ke da magoya baya: ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars na cikin waɗanda suka fi cin kofin ƙasa a Najeriya, a Zariya kuma Masai Ujiri ya tashi, mutumin da ke shugabancin ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Nasarorin ƙungiyar mata ta D'Tigress, wadda ta ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, sun ƙara jawo hankalin matasa.

To sai dai daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu kan ɗebo ƙura daga hamadar Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda busasshen gindin wani tsohon tafki ne, kuma masana na lasafta shi a matsayin wurin da ya fi tayar da ƙura a duniya. Ƙurar tana da laushi kamar gari, tana shiga ta tagogi da ƙofofi da ramukan shan iska. Zauren da aka goge da safe kan sake yin hazo kafin la'asar.

Bugu da ƙari, matasa da dama a filin siminti na waje suke atisaye, da takalmi ɗaya kuma suke zuwa filin, su yi wasa, su koma gida, ranar gasa kuma su shiga zaure da shi. Siminti ya riga ya ci zanen, titi kuma ya cusa masa yashi.

Akwai kuma batun gwanjo. Tsadar sabon kambas na asali ta sa yawancin 'yan wasa a kasuwar gwanjo suke saye. Ana samun takalma masu inganci a can, amma wanda samansa ke sheƙi zai iya kasancewa ya shekara da yawa da ƙerawa. Mai saye zai iya danna ƙasan da farcen babban yatsa: idan robar ta lotsa ta dawo, da sauranta, idan kuwa ta yi tauri kamar robar bokiti ko ta yi 'yan tsage-tsage, to ta gama aiki. Yana da kyau kuma a duba zanen da ke ƙarƙashin yatsu, a lanƙwasa takalmin a ga ko gam ɗinsa na ɗagawa. Wasu takalman akwai ranar ƙera su a jikin ƙyallen da ke ƙarƙashin harshensu.

Matakan da suka dace

Mataki na farko shi ne wanke ƙasan takalmi. Ana bubbuga ƙafa biyun da juna domin yashi ya zube, a sa tsinken sakace a ciro tsakuwa da dattin da suka maƙale a cikin kwaruruwa, sannan a goge da tsohon burushin haƙori da ruwan ɗumi da sabulu kaɗan. Wajibi ne a ɗauraye sabulun tas, domin ragowarsa ma santsi ce. Daga nan a goge da busasshen tsumma a bar shi ya sha iska a inuwa. Ba a shanya shi a tsakar rana, ba a kuma kanga shi a wuta, domin zafi na taurarar da roba yana kuma sakin gam.

Mataki na biyu shi ne ware takalmin wasa daga na yawo. Ɗan wasa ya zo da silifas ko wani takalmi daban, ya riƙo na wasan a jaka, sai ya shiga zaure ya sanya shi. Wannan ɗabi'a kaɗai tana tsawaita rayuwar sol, tana kuma rage dattin da ke shiga zauren. Wanda ke da hali ya mallaki biyu, ɗaya na siminti ɗaya na zaure.

Mataki na uku shi ne gogewa a lokacin wasa. A manyan gasanni akan ajiye wani faranti a bakin fili mai ɗauke da ganyayen leda masu danƙo, ɗan wasa ya taka kafin ya shiga, ƙurar ta maƙale a jiki, idan ganyen ya yi datti a ɓare shi a bar na ƙasa. Inda babu wannan, tawul biyu sun wadatar: ɗaya a jiƙa shi a matse sosai, ɗaya busasshe. A taka jiƙaƙƙen, sannan a taka busasshen. A wajen layin fili ake ajiye su, kuma ba a shiga da ƙafa tana da lema, domin hakan na jefa mai takalmin da abokan wasansa cikin haɗari.

'Yan wasa da dama sukan goge ƙasan takalmi da tafin hannu a duk lokacin da aka tsayar da wasa. Dabarar tana aiki na ɗan lokaci, sai dai ƙurar kan koma hannu, daga nan ta koma jikin ƙwallo. Ɗabi'ar lasar hannu ko tofa yawu kafin a goge kuwa, hanya ce ta kai dattin daɓe cikin baki.

Mataki na huɗu shi ne ajiya. A ciro takalmi daga jaka bayan wasa domin gumi ya bushe, a ajiye shi a wuri mai inuwa. Barinsa a but ɗin mota ko a kan kwanon rufi a watannin bazara na tsufar da robar da wuri.

Shi kuma sabon takalmi, wani lokacin yakan zo da wani ɗan maiƙo a ƙasansa, ragowar abin da aka shafa wa mazubin da aka zuba robar a masana'anta. Wanki ɗaya da atisaye biyu ko uku sukan kawar da shi.

Dabarun da ke da illa

Akwai dabaru da dama da ke yawo a tsakanin 'yan wasa, waɗanda amfaninsu gajere ne, ɓarnarsu kuma doguwa.

Zuba lemon kwalba ko fesa man ƙafar da gashi a ƙasan takalmi kan sa shi danƙo na 'yan mintoci, daga nan danƙon ya kwashi ƙura fiye da da, ya kuma bar tabo a daɓe. Wurin da wani ɓangare ke da danƙo wani ke da santsi ya fi haɗari, domin ƙafa ba ta san abin da za ta tarar ba.

Fetur da kalanzir da tina suna jiƙa roba su kumbura ta, su narkar da gam, su kuma ci fanish ɗin katako. Ruwan tsaftace hannu mai sinadarin barasa, wanda ya yawaita tun lokacin annobar korona a 2020, yana ɗauke datti nan take, amma yawan amfani da shi na busar da roba. Man shafawa kuwa, da wasu ke cewa yana tausasa sol, maiƙo ne, kuma maiƙo santsi yake ƙarawa.

Akan goga samfefa mai laushi a tsohon sol domin a kankare fuskar da ta yi ƙyalli. Wannan na iya taimakawa sau ɗaya ko biyu, amma kowace guga tana rage zanen da ya saura. Yanka sababbin kwaruruwa da reza kan sa robar ta yage a tsakiyar wasa. Haka nan kai takalmi wurin mai gyara ya liƙa masa sabon sol na robar taya, ya dace da takalmin yawo, amma a zaure irin wannan roba tana da tauri, tana barin baƙin zane, tana kuma sauya yadda ƙafa ke zama.

A wasan ƙwallon hannu, manyan 'yan wasa na shafa wani ƙaro a yatsunsu domin riƙe ƙwallo, wasu har sukan ajiye shi a jikin dunduniyar takalmi. Ƙaron kan ɗiga a daɓe ya tara datti, abin da ya sa zauruka da dama a ƙasashen Turai suka hana amfani da shi.

Nauyin da ke kan masu kula da zaure

Komai tsaftar takalmi, idan daɓen na da ƙura aikin banza ne. Dokokin hukumar ƙwallon raga ta duniya, FIVB, sun haramta yin wasa a kan fili mai kaushi ko mai santsi, kuma a gasanninta akan tanadi matasa riƙe da tawul domin goge gumi da zarar ɗan wasa ya faɗi. A badminton ma ɗan wasa na iya neman alƙali ya sa a goge fili.

Ƙungiyar masu ƙera daɓen katakon maple a Amurka, irin katakon da akasarin filayen NBA ke amfani da shi, ta ba da shawarar a riƙa share daɓe kowace rana da busasshen magogi mai kama ƙura, a sabunta fanish sau ɗaya a shekara, a kuma riƙe laimar zauren tsakanin kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari. Tsintsiyar hannu tayar da ƙura take yi ta sake sauka, kwarara ruwa kuma na kumbura katako. Man ƙyalli da ake goge daɓen gida da shi, da kalanzir da wasu ke zubawa a ruwan guga, duk suna barin maiƙo.

A wuraren da ake amfani da zaure ɗaya wajen wasa da tarurruka da bukukuwa, ya kamata a shimfiɗa wani abu a rufe daɓen kafin jama'a su shigo, a kuma ajiye matakin goge ƙafa a kowace ƙofa. A lokacin hunturu, gugar safe ba ta isa ba, sai an maimaita dab da fara wasa da kuma lokacin hutun rabin lokaci.

Ado ma kan jawo matsala. A shekara ta 2012 hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta wajabta cewa fuskar fili ta zama iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, bayan koke-koken cewa 'yan wasa na zamewa a kan tambarin tallace-tallace da ake liƙawa. A watan Nuwamban 2023 kuma wasu taurarin NBA, ciki har da Jaylen Brown na ƙungiyar Boston Celtics, sun koka da santsin sababbin filaye masu launi da aka yi wa fenti domin wata sabuwar gasa. Shi kuwa filin gilashi mai nuna hotuna, irin wanda aka yi amfani da shi a gasar duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 19 a birnin Madrid a 2023, an yi wa fuskarsa 'yan ɗigo-ɗigo masu kaushi domin takalmi ya sami abin kamawa.

Riƙon da ya wuce kima

Kamar yadda santsi ke da haɗari, haka ma riƙon da ya yi yawa. Idan ɗan wasa ya juya da gudu ƙafarsa ta kafe wuri guda, ƙarfin juyin kan sauka a kan gwiwa ko idon sawu. Saboda haka ƙa'idojin gina filayen wasa suka sa iyaka ta ƙasa da ta sama. Ƙa'idar ƙasar Jamus mai lamba DIN 18032 ta tanadi ma'aunin gogayya tsakanin 0.4 da 0.6, yayin da ta Turai mai lamba EN 14904 ta tanadi maki 80 zuwa 110 a wani gwaji da ake yi da na'ura mai lilo. Abin da ake nema shi ne ƙafa ta tsaya idan an taka, ta kuma ɗan saki idan an juya.

Wani bincike da aka wallafa a shekara ta 2003 kan 'yan wasan ƙwallon hannu a ƙasar Norway ya gano cewa haɗarin tsinkewar babbar jijiyar gwiwa a tsakanin mata ya ninka fiye da sau biyu a kan daɓen leda, wanda ya fi riƙo, idan aka kwatanta da na katako. A ƙasar Denmark kuwa, masu bincike sun ƙirƙiro wata leda mai sulɓi da ake liƙawa a gefen takalmi na waje, ba a ƙasansa ba, domin idan ƙafa ta karkace ta zame maimakon ta kafe. A gwajin farko da aka yi da 'yan wasa 510, an ga raguwar munanan targaɗe a tsakanin waɗanda suka yi amfani da ita.

Ƙarfin da ke sauka a kan takalmi a irin wannan juyi ba ƙarami ba ne. A ranar 20 ga watan Fabrairun 2019, ƙasa da minti ɗaya da fara wasa tsakanin jami'o'in Duke da North Carolina, Zion Williamson ya kafa ƙafarsa ta hagu zai juya, solin ya riƙe daɓe, saman takalmin ya yage, ya faɗi ya ji rauni a gwiwar dama, lamarin da ya sa ya rasa wasanni da dama.

Waɗanda suka taɓa jin rauni su ne suka fi buƙatar lura. Wani bincike da aka yi a ƙasar Ostareliya, aka wallafa a 2001, ya nuna cewa ɗan ƙwallon kwandon da ya taɓa yin targaɗe a idon sawu, haɗarin sake yinsa ya kusa ninka na sauran sau biyar.

Lokacin sauya takalmi

Babu adadin watanni da ya dace da kowa, domin ya danganta da nauyin ɗan wasa, da yawan wasansa, da irin filin da yake takawa. Alamun dai a bayyane suke: zanen da ke ƙarƙashin yatsu ya shafe, ko robar ta taurare ta yi tsage-tsage, ko solin ya fara rabuwa da jikin takalmin, ko kuma dunduniyar ta karkace gefe guda idan aka ajiye shi a kan tebur.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi kafin ya kashe kuɗi. A wanke ƙasan takalmin a bar shi ya bushe, a goge wani ɗan ɓangare na daɓe da matsattsen tsumma shi ma ya bushe, sannan a taka a gwada tsayawa da juyawa a hankali. Idan ya kama, to ƙura ce matsalar, kuma aikin na mai takalmi ne da mai kula da zaure. Idan har yanzu yana zamewa, robar ce ta ƙare, babu kuma abin shafawar da zai dawo da ita. Irin wannan takalmi sai a mayar da shi na yawo, a nemi wani domin wasa, tunda kuɗin kambas bai kai na jinyar gwiwa ba.